Sandar da Baba Zai Shiga Teku da Ita

Tun a mota Raliya ta san wace sandar kamun kifi mahaifinta zai ɗauka. Sati biyu ke nan yana kwatanta ta a gida: doguwa, mai kauri, wadda ba ta rusuna wa kifi. Gobe bayan sallar asuba zai bi maƙwabcinsu Talal zuwa gaɓar Shu'aiba, ya shiga teku karon farko a rayuwarsa, a cikin kayak, wani siririn kwalekwalen roba mai cin mutum ɗaya da Talal ya ba shi. Yau ce ranar sayen kaya, kuma ya riga ya ce ba zai wuce riyal ɗari uku ba.

Mahaifin nata, Malam Idrisu, haifaffen Makka ne. Shekara talatin da biyu ya yi yana tuƙa motar alhazai tsakanin Kudai da Harami. Duk abin da ya sani game da ruwa a bakin mahaifinsa ya ji shi, wani masunci Basarke daga Yawuri wanda ya zo hajji da ƙafa bai koma ba. Shi kansa ko iyo bai iya sosai ba, rigar ceto ma sai da aka yi da gaske ya yarda zai sa. Amma tun da ya ajiye aiki ya koma mai zaman falo, ba hira, ba cin abincin kirki, har ranar da aka sauke kayak ɗin a ƙofar gida ya miƙe yana shafa shi. Shi ya sa babu wanda ya iya cewa kada ya je. Raliya ma ba hana shi take so ta yi ba. So take ya dawo.

Ta yi kwanaki tana bincike, ta rubuta abin da ta gano a 'yar takarda: sanda ƙafa bakwai mai sassauci a kai, makinar naɗe zare matsakaiciya wadda gishiri ba ya shiga cikinta, sannan a bar birkin makinar a sake yadda babban kifi zai iya jan zare ya tafi ba tare da ya kifar da mutum ba. Kwana uku takardar tana cikin jakarta. Kullum ta zaro ta sai ta mayar.

Shagon yana Aziziyya, a ƙasan wani dogon masaukin alhazai da tagoginsa suke rufe saboda ba lokacin aikin hajji ba ne. Mai shagon, wani dattijo mai suna Hamad, ya tarbe su da fara'a. Akwai wasu mutum biyu a ciki suna zaɓen ƙugiyoyi.

Malam Idrisu bai tsaya dube-dube ba. Ya wuce kai tsaye ya zaro wata sanda da ta kusa taɓa rufi, ya haɗa ta da wata ƙatuwar makina mai sheƙi da aka karya wa farashi. Hamad ya tambaye shi ko daga gaɓa zai riƙa jifa, ya ce a'a, daga kayak. Sai Hamad ya ce cikin ladabi irin wannan sandar ta masu tsayuwa a kan duwatsun bakin teku ce, kuma makinar ba ta jure ruwan gishiri, wata biyu za ta yi tsatsa.

"Ya Hamad," in ji Malam Idrisu, "ubana da hannu yake fito da giwan ruwa mai girman mutum. Ni ɗansa ne."

Hamad ya dafa ƙirji ya ce abin da yake so shi za a yi. Ba zai yi gardama da baƙo mai furfura a shagonsa ba.

Raliya ta taɓa jakar da takardar take ciki. Ta matsa kusa, ta ce a hankali, da Hausa don kada sauran su ji, "Baba, da za ku duba waccan ƙaramar. Kuɗinsu ɗaya."

Ya dubi inda ta nuna, ya yi dariya. Ya ce wannan ai tsinken sakace ne. Sannan, da yake ransa a sake yake yau kuma ga 'yan kallo, ya ce bari ya nuna musu yadda Sarkawa suke yi. Ya jawo wata 'yar kujerar roba mara jingina ya zauna, ya miƙe ƙafafu gaba kamar yadda Talal ya koya masa zaman kayak. Ya sa Hamad ya zura zare a sandar. Ya murɗe birkin makinar har ƙarshe, yadda ko taku ɗaya na zare ba zai fita ba. Bai tsaya nan ba, ya jawo zaren daga gindin sandar ya naɗa shi sau biyu a tafin hannunsa na hagu.

"Ba a ba kifi igiya," ya ce. "Haka babana yake faɗa. In ka ba shi taku ɗaya, ya raina ka." Ya juyo gare ta. "Raliya, karɓi bakin zaren. Yau ke ce kifin. Ja mu gani."

Hamad ya ɗaure bakin zaren a wani guntun katako ya miƙa mata. Mutanen nan biyu suka bar ƙugiyoyinsu suka juyo suna murmushi.

Ta san abin da ake jira daga gare ta. Ta ɗan ja kaɗan, sandar ta tsaya ƙyam, a yaba wa tsoho, a biya kuɗi a tafi. Haka kowace 'ya mai kunya za ta yi, kuma ita ko muryarta ba ta taɓa ɗagawa a gabansa ba. Ta dubi zaren da ya zagaye hannunsa, siriri mai kaifi. Ta dubi ƙafafun kujerar. Kayak ɗin da ke gida bai fi kujerar nan faɗi da yawa ba, kuma gobe a ƙarƙashinsa ba daɓen shago ba ne.

Ta ja baya taku uku. Sai ta tuna abin da ta karanta, cewa kifi ba ya gudu gaba, gefe yake yanka. Ta koma ɓangaren hagunsa, ta riƙe katakon da hannu biyu.

"Ki ja mana, uwata," ya ce. "Ko kifin ya mutu ne?"

Ta ja da dukkan ƙarfinta.

Kan doguwar sandar ya karkata gefe, ya ɗauki kafaɗunsa ya tafi da su. Ƙafafun kujerar biyu suka ɗaga. Ya yi ƙoƙarin sakin zaren, zaren ya ƙi sakinsa. Kujerar ta zame, Malam Idrisu ya faɗi a gefensa cikin kwalayen da ke jingine da bango, hularsa ta gangara har gaban teburin Hamad.

Ɗaya daga cikin mutanen ya yunƙura zai taimaka, tsohon ya ɗaga masa hannu. Ya tashi zaune da kansa, ya warware zaren a hankali. Wani jan layi ya ratsa tafin hannunsa, jini yana tsattsafowa.

Raliya tana tsaye da katakon a hannu, idonta a ƙasa. Ta kayar da mahaifinta a gaban maza.

Bai dube ta ba. Ya tambayi Hamad, da Larabci, ko kifin Shu'aiba yana kai ƙarfin yarinyar nan. Hamad ya miƙa masa hularsa da auduga, ya ce matsakaicin kifin da ake kira bayad ma ya fi haka, kuma shi ba ya faɗa wa mutum lokacin da zai ja.

Malam Idrisu ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Daga nan ya tayar da kujerar, ya sake zama, ya miƙe ƙafafu.

"Kawo tsinken sakacen," ya ce.

Hamad ya ɗauko gajeriyar sandar da wata makina baƙa mara ado, wadda aka toshe mata duk kafar da ruwa zai shiga. Ya sassauta birkin, ya mayar da katakon a sabon zaren. Wannan karon tsohon bai naɗa komai a hannu ba.

"Ja," ya ce, har yanzu bai dube ta ba. "Kamar ɗazu. Kada ki rage."

Ta ja. Sandar ta lanƙwashe kamar baka, makinar ta ɗauki wata siririyar ƙara tana sakin zare, Raliya ta yi ta ja da baya har bayanta ya taɓa ƙofa. Kujerar ba ta motsa ba. Da ta tsaya, sai ya fara naɗewa, ta ji zaren yana jawo ta a hankali, taku bayan taku, har ta iso gabansa.

Ya biya kuɗin. Hamad ya ƙara masa igiyar ɗaure sanda a jikin kayak, ya ce a riƙa ɗauraye makinar da ruwan famfo duk ranar da aka dawo.

Suka shiga mota. Sun wuce fitilar hanya biyu kafin ya yi magana, idonsa a kan titi, hannun da aka naɗe da auduga a kan sitiyari.

"Su uku ne a jirgin," ya ce. "Babana da ƙannensa biyu. Jirgin katako ne, babba, wanda kifi ba zai iya kifarwa ba. Ya sha faɗa mini, ni ne ban riƙe wannan ba."

Ta ce, "Baba, ku yafe mini."

Ya miƙa hannu baya ya lalubo kwalin makinar, ya ajiye mata a cinya.

"In mun isa gida ki saita birkin da kanki," ya ce. "Ki sa masa alama da jan fenti, inda ba zan wuce ba."