Tokar Murhun Zenon

Saiwa ɗaya tak ta rage wa Bogumiła daga lambun mahaifiyarta, ta ostróżka, furen nan shuɗi mai tsayi kamar sanda. Gidan an sayar, lambun ya zama wurin ajiye motoci. Ta dasa saiwar a jikin shinge, amma kullum ganyen a ƙanjame yake fitowa, fure kuwa ko na magani babu. In wannan ta mutu, shi ke nan.

Da lokacin kaka ya zo, Bogumiła ta dafa jan kabeji, ta tsiyaye ruwan a kofi, ta zuba cokali ɗaya na ƙasar gindin saiwar don gwada tsaminta, yadda ta ga uwarta na yi. Ruwan ya koma ja.

"Zenon! Zo ka ga aikinka," ta ƙwala wa mijinta kira. "Ƙasar nan ta fi kabejin da muke tsimawa a ganga tsami."

Aikinsa ne kuwa. Shekara da shekaru yana kwaso ruɓaɓɓen ganye daga daji yana jibgewa a gindin borówka, 'yan itatuwansa masu zaƙin 'ya'ya, waɗanda ba sa rayuwa sai a ƙasa mai tsami. Babba daga cikinsu, wadda yake ji da ita, tana gab da saiwar.

"To ki matsar da ita mana, tsohuwa."

"Na tsige ta sau ɗaya, ba za ta jure na biyu ba."

Dukansu sun san maganin, toka ce. Sun kuma san tokar da za ta tashi furen ita za ta kwantar da borówka. Bogumiła akwai baki, amma ba ta iya roƙo ba. Ta barbaɗa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ta haƙura.

Hunturu ya zo da ƙanƙara. A ƙauyen nan kowa tokar murhu yake watsawa a hanyar ƙofa don kada a zame, kuma aikin Zenon ne. Bana sai ga hanyar kamar madubi.

"Ina tokar, malalaci? So kake in karye ka huta?"

"Wa zai huta? Ki karye in koma dafa wa kaina miya? Riƙe hannuna."

Haka suka yi hunturun, tana mita, yana riƙe da ita har bakin titi. Gaskiya, ba ta ƙi hakan ba.

Da ƙanƙara ta narke, ta sake dafa kabeji ta gwada ƙasar, ba don tana sa rai ba. Ruwan ya yi shuɗi-shuɗi, alamar tsamin ya tafi. Ta tsaya da kofi a hannu, sannan ta nufi shinge. A gindin saiwar ƙasa ta yi furfura, ga 'yan gawayi birjik.

Watan Yuni ostróżka ta miƙe har ta wuce kafaɗarta, shuɗin nan sak na gidan uwarta. Murna ta cika ta, har da hawaye. A gefe kuwa babbar borówka ta yi rawaya, ko ɗa ɗaya ba ta yi ba.

"Kai tsoho, ka kashe abarka."

Zenon ya ci gaba da ɗaure furen a jikin sanda don kada iska ta karya shi, bai ko ɗago ba.

"Tawa ana sayar da irinta a kasuwa," in ji shi. "Miƙo min igiya."