Bangon Arewa na Taragon Abdikerim

Tun ranar da ƙanin mijina Toktosun ya kori kafintan da na ɗauko, na san da wata a ƙasa. Allah ya yafe mini faɗar sunansa da na yi, matar wa ba ta kiran ƙanin miji da suna. Shekara talatin da huɗu ina ce masa Ƙaramin Yaro, ga shi yau gemunsa ya yi fari fat.

Taragon na marigayi mijina Abdikerim ne. Idan ƙanƙara ta narke, tarakta ta ja shi da mu zuwa makiyaya can saman duwatsu, idan sanyi ya kawo kai a sauko da shi bayan gida. Katakon bangon ciki duk ya ruɓe, ɓeraye sun yi gari a bayansa, ga wari kamar na jiƙaƙƙen buhu. Da aka yi sadakar shekarar mai gidan, sai na ce bana kam a sauya bangon kafin mu hau, tunda 'yata Nazik za ta kawo mini jikoki daga birnin Bishkek.

Kafinta ya zo, bai ma sauke jakarsa ba sai ga Toktosun a kan doki, yana haki.

"Jenge," in ji shi, don haka suke kiran matar wa, "muna raye za ki saka baƙo ya ɓalle ɗakin yayana? Ni zan yi."

Na ce, "Kai? Kai da ƙofar garkenka ta shekara uku a ɗaure da igiya?"

Bai yi dariya ba. Ya ja kafintan gefe, ya sallame shi.

Da wani ne da na gode masa. Amma wannan mijin Uulkan ne, faccalata, wadda rabon da in shiga gidanta shekara talatin da ɗaya. Dalili kuwa kowa a ƙauyen ya sani, don ban ɓoye ba. Uwata ta yi shekara biyu tana ɗinka mini shirdak na kayan ɗaki, dardumar gashin tumaki ja da baƙi mai zanen ƙahon rago, ta gama da wata huɗu ta rasu. Ban taɓa shimfiɗa shi ba, a adaka yake. Da zan sauka asibiti haihuwar Nazik, na bar wa Uulkan makullin. Na dawo da jaririya a hannu, na buɗe adaka, wayam. Na tsaya a bakin rijiya gaban mata na ce mata ɓarauniya. Ba ta ce ta ɗauka ba, ba ta ce ba ta ɗauka ba, ta sunkuci bokitinta ta wuce. Wannan shirun shi ya fi ƙona mini rai.

To, mijin wannan matar ne yau yake rawar jiki a kan bangona. Na ce a raina, lallai Abdikerim ya ɓoye wani abu a ciki, ko bindigarsa ta farauta ko azurfar sirdin ubansu, kuma ita ce ta turo shi ya kwaso mata. Wadda ta iya ɗauke kayan marainiya, me zai gagare ta?

Na kawo kujera na dasa a ƙofar tarago, ina kaɗa nonon goɗiya a salka, idona a kansa. Ya ɓamɓare bangon kudu, kashin ɓera ya zubo masa a ka. Ya cusa sabuwar audugar gilashi mai tare sanyi tsakanin ƙarafan, ya buga sabon katako, ƙusa uku a karkace, ɗaya a babban yatsansa. Kwana biyu ya gama kudu da gabas da yamma. Bangon arewa kuwa, na bayan gado, ko kallonsa ba ya yi.

"Wancan fa, Ƙaramin Yaro? Ko shi waliyyi ne?"

"Gobe, jenge."

Gobe ta yi, ya ce ƙugunsa na ciwo. Jibi ya ce ƙusoshin sun yi gajarta, wai sai na je garin Narin da kaina na sayo dogaye, wai yara ba su san lamba ba. Ni da na ƙirga ƙusoshin nan da idona, duk tsayinsu ɗaya da waɗanda ya buga a sauran bangon! Da na zagaya baya ɗebo busasshen kashin shanu na murhu, sai na ga dokinsa a ɗaure inda ba a hango shi daga hanya, an rataya masa buhuna biyu babu komai a ciki.

Na ce, "To madalla, zan je."

Na ɗaura kallabi, na shiga motar safe a gabansa har ina ɗaga masa hannu. Muna kai gada na ce wa direba ya tsaya na manta abu. Na dawo ta bayan garken maƙwabta, ina sanɗa kamar ni ce mara gaskiyar.

Tun daga nesa na ji kukan ƙusa tana fita daga tsohon katako. Na tura ƙofa. Ya ja gado tsakiyar ɗaki, katako biyu na ƙasa, shi kuma ya durƙusa yana tura wani abu cikin buhu da sauri.

"Sannu da aiki," na ce. "Zazzage."

"Jenge, don girman Allah ki fita."

"Zazzage, ko in tara maka ƙauyen nan yanzu!"

Bai zazzage ba, amma bai hana ni ba. Na fizgi buhun na juye. Abin da ya faɗo ba bindiga ba ce. Ja ne da baƙi, ƙura ta dusashe shi, asu ya ci gefe, amma ƙahon ragon yana nan yadda uwata ta lanƙwasa shi. Na ɗaga kai. Tsakanin kowane ƙarfe da ƙarfe na bangon, daga ƙasa har rufi, yankin shirdak ɗina ne a cushe, an danne shi da ƙusoshi masu faɗin kai. Irin bugun na san shi, Abdikerim ne kaɗai yake lanƙwasa ƙusa sau biyu.

Na zauna a bakin gado. A jikin wannan bangon na jingina shekara talatin da ɗaya ina tsine wa wanda ya ɗauke shi.

Toktosun ya cire hularsa, yana murza ta. Ya ce, "Kin tuna shekarar. Ba mu da gida sai taragon nan, kanti babu ko ƙyalle. Kina asibiti aka yi sanyin da ya kashe mana 'yan raguna goma sha ɗaya a kwana ɗaya. Ƙarfen bangon nan ya huje, ruwan shayi yana daskarewa a kofi. Yaya ya ce in aka kawo jaririya nan, ba za ta kai kwana bakwai ba. Muka nemi abin cusawa har gidan mutane, babu."

"Shi ne bai faɗa mini ba?"

"Ya ce zai faɗa idan kin yi arba'in. Kafin nan kin riga kin je bakin rijiya." Ya saci kallona. "Ke ma kin san bakinki, jenge. Yaya yana iya tunkarar kyarkeci da sanda, amma ke..."

"Kai kuma ka zuba ido ana kiran matarka ɓarauniya?"

"Wa ya ce wa ƙani ya yi shiru, me ƙani zai yi? Na so in faɗa ranar jana'izar yaya, ita ta hana."

"Ita wa?"

"Uulkan. Ita ta ba ni buhunan nan. Ta ce in kwashe kafin ki gani, wai mamaci ba shi da bakin ba da haƙuri, a bar miki mijinki yadda kika san shi."

Na ɗauki yanki ɗaya na juya shi. Ba aikin wuƙar namiji ba ne. An bi layin ɗinki a hankali da almakashi, ko ƙaho ɗaya ba a raba biyu ba, yadda duk ranar da aka so za a iya haɗa shi ya koma. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Haushin Abdikerim ma na neme shi na rasa inda zan ajiye.

Na cire sauran da hannuna, yanki tara. Na ce wa Toktosun ya rufe bangon, in ya ga dama ya buga duk ƙusoshin a karkace. Na saɓa buhun na bi tsakiyar ƙauye da rana tsaka, ta gaban rijiyar, mata suna kallo.

Uulkan tana tsakar gida tana fitar da gurasa daga tanderu. Ta tsufa, ban san ta tsufa haka ba, don ko a gidan biki ba na kallon fuskarta. Na sauke buhun gabanta. Na kwance bakinsa.

Ta goge hannu a zaninta, ta durƙusa da ƙyar, ta jera yankunan a kan ciyawa ba tare da ta yi kuskuren ko ɗaya ba. Da ta zo kan na ƙarshe sai ta shafa gefensa da yatsa.

"Nan ne almakashin ya kuɓuce mini, jenge," ta ce. "Hannuna ya ƙage don sanyi, na ci ɗinkin mama kamar rabin yatsa. Tun ranar abin yake damuna. Ki yafe mini."