Rawanin Gidan Tholdas

Bayan sadakar arba'in ta Raja Muzaffar, mai sarautar kwarin Tholdas, ɗansa Jahanzeb ya hau tudu zuwa gidan Mahjabin. Motarsa ba ta iya shiga lungun ba, dole ya ƙarasa da ƙafa, yana haki, takalminsa na birni ya kwashi taɓo. Ya same ta a kan soro tana shanya yankakken tuffa.

Mahjabin shekararta saba'in da ɗaya. Ta yi shekara talatin da huɗu tana koyarwa a makarantar 'yan mata ta Tholdas, har da wuya ka sami macen da ta iya rubuta sunanta a kwarin nan wadda ba ta taɓa shan ranƙwashinta ba. Ba ta sauko ta tarye shi ba. Tsani ta nuna masa.

"Gwaggo, ina wuni," ya ce da ya hawo.

"Lafiya lau. Ya haƙuri? Zauna can, kada ka take mini tuffa."

Ya tsuguna, ya ɗan yi kame-kame, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ranar Juma'a za a yi naɗinsa. Al'adar gidan ita ce macen da ta fi kowa shekaru a jinin sarauta ita ke ɗauko rawani daga akwati ta miƙa wa sabon Raja, bayan an jero sunayen magabata. Tsohuwar da ke yin haka ta rasu bara.

"Wazir Imdad ya duba, ya ce ke ce babba yanzu."

"Ashe Wazir ya san da ni. Shekara saba'in gidanku bai san hanyar gidan nan ba." Ta ci gaba da baza tuffa. "Za a faɗi sunan Firdaus?"

Jahanzeb ya yi 'yar dariya. "Haba Gwaggo, wannan ai tsohon zance ne. Wace sarauta ma ta rage? Gwamnati ta soke ta tun ina rarrafe. Babu kotu, babu dogari, sai tsohuwar fada da rufinta ke yoyo."

"To in ba komai ba ce, me ya hawo da kai tudun nan?"

Ya kau da kai. Ta ce ya je, za ta zo.

Firdaus kakanta ne. Shi ne babban ɗan Raja na goma sha huɗu, kuma ya yi shekara uku a kan karaga. A shekara ta uku Baturen mulki ya aiko yana neman maza ɗari biyu su yi wa wasu baƙi dako ta kan ƙanƙarar tsauni, ana tsakiyar girbin sha'ir. Firdaus ya ce a jira a gama girbi, kuma hanyar ba ta biyuwa a wannan watan. Kafin sati uku aka tube shi, aka kai shi can ƙasar Kashmir inda ya mutu, aka naɗa ƙanensa Sikandar, kakan mahaifin Jahanzeb. Sikandar ya ba da mutanen. Talatin da ɗaya ba su dawo ba. Tun daga nan aka cire Firdaus daga jerin sarakuna, kamar bai taɓa zama a karagar ba. Ɗansa Bahram, mahaifin Mahjabin, ya dawo kwarin ya kama noma, ya mutu bai sake taka fada ba.

Da yamma ɗanta Dilawar ya dawo daga tasha. Direban motar haya ne, yana jigila tsakanin Tholdas da birni. Labari ya riga ya same shi a hanya. Ya zauna ya karɓi shayinsa mai gishiri da man shanu, ya daɗe yana kallon kofin.

"Inna, don Allah ki miƙa musu abinsu mu huta. Ni a garin nan nake ɗaukar fasinja."

"Abinsu?"

"Kin san abin da nake nufi."

"Sha shayinka kafin ya huce," ta ce.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, farfajiyar tsohuwar fada ta cika. Maza a ƙasa, mata a kan soraye. An shimfiɗa darduma, Jahanzeb ya zauna a tsakiya cikin farar riga, abokansa na Islamabad suna ta ɗaukar hoto. Wazir Imdad, wanda shi ma gadon sunan kawai ya yi, ya buɗe akwatin katako. Mahjabin ta sa hannu ta ɗauko rawanin. Farin siliki ne da ya tsufa har ya koma ruwan ƙwai, da zaren zinariya a bakinsa. Ba ta taɓa riƙe shi ba. Ta yi mamakin rashin nauyinsa.

Tsoho Kalbi ya miƙe da sandarsa. Shi ke jero sunayen sarakuna, aikin da ya gada daga kawunsa, kuma ya haura tamanin. Ya fara daga na farko, yana ja da murya, ana amsa masa da addu'a bayan kowane suna. Ya zo kan na goma sha huɗu, sai ya ce, "Sannan Raja Sikandar."

"Ka tsallake ɗaya," in ji Mahjabin.

Ba ta ɗaga murya ba, amma muryar aji ce, ta kai har kan soraye. Kalbi ya dubi Wazir. Wazir ya yi masa alama da ya ci gaba. Ya sake cewa, "Sannan Raja Sikandar."

"Kalbi, ina mahaifinka yake kwance?"

Tsohon ya sunkuyar da kai.

"Na ce ina kabarinsa? Kana da shekara shida aka ɗora masa kaya aka tura shi kan ƙanƙara. Wa ya ce ba zai ba da shi ba? Wa kuma ya ba da shi?"

Kalbi ya saki sandarsa. Ya zauna a inda yake.

Wazir Imdad ya matso yana murmushin dole. "Malama, ba nan ne wurin wannan magana ba. Miƙa rawani, mu yi addu'a."

"Nan ne wurinta. Ina kuma za a yi ta?" Ta juya ta fuskanci jama'a. "Tunda mai jerowa ya kasa, bari in faɗa. Na goma sha biyar Raja Firdaus ne, babban ɗa. Ba jama'a ce ta tube shi ba, ba gidan nan ne ya tube shi ba, baƙo ne. Da an bi ƙa'idar gidan, bayansa sai ɗansa Bahram. Bayan Bahram sai yayana, wanda ya rasu bai haihu ba. Bayansa kuwa ga shi can a bakin ƙofa, da makullin mota a hannu."

Aka waiwaya gaba ɗaya. Dilawar ya rasa inda zai sa kansa. Wani daga cikin direbobin tasha ya ce, "Ranka ya daɗe, a rage mana kuɗin mota," aka fashe da dariya a wannan ɓangaren, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

"Sarauta ba ta bi ta wajen mace," Wazir ya ce, fuskarsa ta sauya.

"Na shida da aka faɗa yanzu, Raja Hatam, ta wajen wa ya gada? Ta wajen uwarsa. Kai ma ka ce amin da aka ambace shi. Ko ba ka sauraro?"

Wani abu kamar guɗa ya taso daga kan soraye, inda tsofaffin ɗalibanta suke, sannan ya lafa. Wazir ya miƙo hannu zai karɓi rawanin. Ta rungume shi a ƙirji, ta dube shi ido cikin ido.

"Taɓa ni ka gani, Imdad. Ni na koya wa matarka karatu."

Ya janye hannunsa.

Duk wannan abu Jahanzeb yana zaune, kunnuwansa sun yi ja. Mahjabin ta dube shi, sai ta ji ɗan tausayinsa, don ba shi ya yi laifin ba. Ta sassauta murya.

"Ɗana, ba karaga nake nema ba. Ka sa a faɗi sunan, in miƙa maka da hannu biyu."

Ta ga yana son ya yarda. Amma ya dubi Wazir, ya dubi baƙinsa, ya gane cewa in Firdaus ya shiga jerin, to kowa ya san yadda Sikandar ya shiga. Ya ce, "Gwaggo, ba zan sake abin da iyayena suka bari ba."

"To ni ma haka."

Ta juya ta bi ta tsakiyar jama'a da rawanin a hannunta. Aka dare mata hanya. Mata suka fara saukowa daga soraye suna bin bayanta, sannan wasu maza daga unguwannin da aka kwashi 'yan dakon. Ba kowa ba ne, amma gurbin da suka bari a farfajiyar ya fito fili. An dai naɗa Jahanzeb a ranar, da sabon ƙyalle da aka yi gaggawar sayowa a kasuwa.

A gida Dilawar ya tsaya a tsakar gida yana huci. "Inna, ni ba zan sa wannan abin ba."

"Wa ya ce ka sa? Kanka ma bai dace da rawani ba. Buɗe mini akwatin mahaifina."

Sati biyu bayan haka Wazir ya zo da ɗan sanda, wai an ɗauke kayan fada. Mahjabin ta kawo wa ɗan sandan shayi, ta tambaye shi ko akwai takardar da ta nuna rawanin na wane ne, ban da cewa na gidan ne, ita kuma ita ce babba a matan gidan bisa faɗin Wazir da kansa. Ɗan sandan ya shanye shayinsa, ya ce wannan maganar dangi ce, ya tafi.

Da kaka ta yi, aka taru bikin sabon hatsi, inda ake sake jero sunayen. Mahjabin ba ta je ba, tana gida tana fama da gwiwa. Maƙwabciyarta ce ta shigo da saurinta ta ba ta labari. Kalbi ya zo kan na goma sha huɗu, ya tsaya, ya share fuska, sannan ya ce, "Sannan Raja Firdaus, wanda ya hana." Ba wanda ya sa shi. Jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi. Wazir ya tashi ya fice, Jahanzeb kuwa ya sunkuyar da kai.

Mahjabin ta miƙe. Ta shiga ɗaki ita kaɗai, ta jima, ta fito idonta jajur.

Washegari Jahanzeb ya aiko da saƙo ta bakin Dilawar, cewa tunda an faɗi sunan, sai a mayar da rawani.

"Kalbi ne ya faɗa, ba shi ba," ta ce. "Ka gaya masa ya zo da kansa, ya faɗi sunan da bakinsa, ya ce yana neman aron rawani daga babban ɗaki. Zan ara masa."

"Inna, ba zai taɓa cewa aro ba."

"To ya ci gaba da ɗaura na kasuwa."

Dilawar ya kai saƙon kamar yadda aka ba shi. Jahanzeb ya saurara har ƙarshe, amma bai zo ba, kuma kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya ya koma Islamabad.