Shafin da Auta Ba Ta Juya Ba

Auta ta karanta abin da ya kai shafi huɗu, amma Baba bai ji motsin takarda ba ko sau ɗaya.

Yana zaune a kujerarsa ta bakin taga, haɓarsa bisa kan sanda, fuskarsa na kallon inda muryar 'yarsa ke fitowa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran rubutu a maɗaba'a, har abokan aiki suka laƙaba masa Jan Biro, kafin ciwon ido ya rufe masa gani gaba ɗaya. Ido ya tafi, amma ƙirgen layi bai bar kansa ba. Ya san littafi mai wannan girman layi talatin da biyu yake ɗauka a shafi, ya kuma san daidai inda ya kamata mai karatu ya lashi yatsa ya juya. Auta ta wuce wurin tuni, tana ta zuba kamar famfo.

"Sai tsohon direban ya miƙe da ƙafafunsa," in ji ta. "Kwatsam sai ya ji ƙarfi ya dawo masa. Ya tafi tashar jirgin ƙasa, abokansa suka tarye shi da murna."

Ta rufe littafin a hankali.

"Ƙarshen ke nan?" Baba ya tambaya.

"Ƙarshen ke nan, Baba. In ɗauko littafin ra'ayi?"

"Bari labarin ya kwanta mini tukuna. Ajiye littafin da kika karanta nan kusa da ni."

Tsarinsu ke nan tun da ya makance. Kullum da yamma, in ta rufe shagon ɗinkinta, sai ta yi masa karatu na awa guda: tsohon littafi ɗaya, sabo ɗaya, bi da bi. In an gama, sai ya faɗi ra'ayinsa ta rubuta a wani littafi mai baƙin bango, na goma sha biyu a jerin da ya fara tun yana saurayi. Ba ya sassauta wa kowa. Marubutan dā, a cewarsa, mutane ne marasa tausayi, su kashe maka gwarzo a layi ɗaya su wuce ko a jikinsu, shi ya sa yake yarda da su. Na yanzu kuwa sai su ɓata shafi uku a kan yadda shayi ke hucewa a kofi. Amma wannan sabon ya shiga ransa. Labarin wani tsohon direban jirgin ƙasa ne da ciwo ya kwantar, kuma marubucin ya san yadda majinyaci ke yi wa masu dubiya ƙarya don su samu su tafi. Mutumin da ya san wannan ba zai tayar da tsoho daga gado da "kwatsam" ba. A shafi ɗari biyu bai taɓa amfani da kalmar ba. Auta ce ba ta iya ba da labarin ko da faɗuwar cokali ba tare da ita ba.

Da farko ya ɗauka gajiya ce. Yarinya ta wuni a kan keken ɗinki, ta ga sauran shafi goma, ta dunƙule su ta huta. Ya ji haushi, amma haushin da ake iya haɗiyewa. Sai washegari da safe, yana shan shayi, ya lura sukarin ya yi yawa. Auta da ke auna masa rabin cokali tana mita, yau ta zuba biyu ba tare da ya roƙa ba. Ya ajiye kofin ya fara bin abubuwa baya, ɗaya bayan ɗaya, yadda yake bin kuskure har ya gano layin da ya fara.

Sabon littafin da suka karanta kafin wannan, uwar da ke cikinsa ita ma ta warke a babin ƙarshe, kuma ya faɗi a ra'ayinsa cewa marubucin matsoraci ne. Babban ɗansa, wanda sai a yi wata ba a ji ɗuriyarsa ba, yanzu kullum sai ya bugo waya yana tambayar ko ya ci abinci. Duk kuwa sun fara ne mako uku da suka wuce, ranar da aka kai shi asibiti a kan ciwon cikin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Likita ya ce a fita da shi a auna nauyinsa, aka bar shi a benci kusan rabin awa, Auta na ciki. Da suka dawo gida ya karɓi takardar sakamakon ya shafa. Falle biyu ne, an haɗe su da ƙusar takarda. Auta ta karanta masa layi uku: gyambon ciki ne, a sha magani, a huta.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka ce idonsa ba zai dawo ba. Ba shi da wata hanya zuwa ga rubutu sai bakin yarinyar nan. In bakin ya fara zaɓar masa abin da zai ji, to bai san komai ba ke nan, har abin da ke cikin cikinsa.

Da hantsi Dogo ya yi sallama. Mai ɗinkin littattafai ne, tare suka tsufa a maɗaba'a, kuma har yau warin gam bai bar rigarsa ba.

"Jan Biro, kana nan kana cin amanar kujera?"

"Ina nan. Kai kuma zuwanka na biyu ke nan a mako guda. Da sai an yi wata ba a ga ƙeyarka ba. Aiki ne ya ƙare, ko an kore ka daga gida?"

Dogo ya yi dariya, dariyar ta ɗan fi maganar tsawo. Baba ya laluba gefen kujera ya miƙa masa littafin.

"Karanta mini shafi biyun ƙarshe. Yadda suke, da waƙafi da aya."

"Ba Auta ta karanta maka ba?"

"Na ce ka karanta."

Dogo ya gyara tabarau ya karanta, yana tuntuɓe a kan dogayen kalmomi kamar yadda ya saba. Tsohon direban bai koma tasha ba. Ya mutu a zaune a barandar asibiti yana jiran a kira lambarsa, kuma sai da mai shara ta ce ya ɗaga ƙafa aka gane. Layi biyu kacal marubucin ya ba mutuwar, ya rufe littafinsa.

"Yauwa," in ji Baba a hankali. "Wannan shi ne marubuci."

Ya ji daɗin an yi aiki mai kyau, daɗin kuma bai daɗe ba.

"Dogo, yarinyar nan ta kira ka a waya kwanan nan?"

Baba ya ji ana murza bayan littafin da babban yatsa.

"Ɗinkin littattafan yanzu ba shi da ƙwari," in ji Dogo. "Gam kawai suke shafawa. Shekara biyu ka ga shafuka na zubewa."

"Haka ne," in ji Baba. Bai sake tambaya ba.

Da yamma Auta ta shigo da sallama da ledar lemo. Ya ji ta ajiye jaka, ta ja kujerarta.

"Ɗauko littafin ra'ayi," ya ce. "Ya kwanta."

Ta ɗauko, ta cire murfin biro.

"Rubuta. Littafin nan na tsohon direba ya fi duk sababbin da na ji a bana. Marubucinsa ba ya roƙon mai karatu ya yi kuka, ba ya kuma lallashinsa. Kin rubuta?"

"Na rubuta."

"Ci gaba. Sai dai kwafin da ya zo hannuna marubuta biyu gare shi. Na farkon ya kai tsohon har ƙofar mutuwa. Ta biyun ta karɓi biro a shafi biyun ƙarshe ta dawo da shi gida. Ba ta iya ƙarya ba, ko juya shafi ta manta. Amma ban taɓa karanta wanda ya so wani tsoho ya rayu kamarta ba."

Biron ya tsaya tun a tsakiya. Baba ya saurara. Can waje wani na ta buga ƙofar maƙwabta, a cikin ɗakin kuwa sai numfashin Auta da ke fita guntu-guntu.

"Ban ji kina rubutu ba."

"Baba, ka yi haƙuri. Na ga kamar labarin zai dame ka ne kawai."

"Labari bai taɓa damuna ba, Auta. Na binne mutum ya fi dubu a takarda, na ci abincina." Ya juya fuskarsa sosai gare ta. "Rayuwata duka na yi ta ne ina cire abin da mai rubutu bai rubuta ba. Kada ki sa in ƙare a cikin wanda aka gyara mini. Wata nawa likitan ya ce?"

"Yaya ya ce kada a faɗa maka."

"Yayanki ba ya nan. Ni da ke ne."

Ya ji ta ja hanci, ta goge fuska da gefen mayafi.

"Ya ce uku. Ƙila huɗu."

"Ƙila huɗun nan, nasa ne ko naki?"

"Nawa ne."

Baba ya gyaɗa kai. Abin ya yi masa nauyi, ya kuma ji tausayinta fiye da na kansa, mako uku tana ɗauke da wannan ita kaɗai tana yi masa murya mai daɗi. Ya miƙa hannu, ta sa nata a ciki. Yatsunta duk kantar almakashi. Suka zauna haka har mai buga ƙofar maƙwabta ya gaji ya tafi.

"Yau layin tsohon littafi ne," ya ce daga baya. "Wanne ke biye?"

Ta tashi ta duba kantar littattafai, ta amsa muryarta a dishe.

"Babban nan ne, mai juzu'i uku. Wanda ka ce tun kana aiki kake ajiye shi sai ka samu lokaci."

Ya fara lissafi, leɓunansa na motsi kaɗan. Awa ɗaya a rana, shafi goma sha biyar a awa.

"Mayar da shi," ya ce. "Duba ƙasa, wajen sirarran. Zaɓo mana wanda za mu gama."