Ba Ƙyanda Ba Ce

"Khalilu, tsallako ta katanga, numfashinsa yana sarƙewa!"

Muryar Inna Zulaihatu ce, matar maƙwabcina Baba Mati. Kwana uku ke nan da mai unguwa ya sa aka rufe ƙofar gidansu, ba shiga ba fita. Na yar da fartanya na dira.

Na tarar da shi kwance a inuwar rumbu, ƙirjinsa na sama da ƙasa. Tasi'u, ma'aikacin asibitin ƙauyenmu, yana bakin zaure da takunkumi a fuska.

"Ku daina cewa korona," in ji Baba Mati da ƙyar. "Na yi ta bara. Kamar ƙyanda take, wanda ya yi ya gama."

Duk garin a haka muka ɗauke ta. Bara ta kwantar da mu ni da shi, muka tashi. Tun daga nan duk gawar da aka ji tsoro, shi ke wanka, ni ke zuba ruwa.

"Baba, ita ce," in ji Tasi'u. "Duk jikin da ƙwayar ta shiga sai ta hayayyafa, wani lokacin 'ya'yan su fito da wata kama. Ta bara jikinka ya sani. Wannan ta sauya riga."

"Kai yaro, gero na shuka, dawa za ta fito?"

"Gero ne, Baba. Amma ba ka taɓa ganin zangarniyar da ta bambanta da 'yan uwanta ba?"

Baba Mati ya juyo ya dube ni. "Ashe kai ma na ja ka ciki. Ka yafe ni."

An aika garin Tsanyawa neman mota, direbobi uku suka ƙi zuwa. Kafin la'asar Allah Ya karɓi abinSa.

Ni kaɗai na yi masa wanka, da safar hannun da Tasi'u ya wullo mini. Ni ne mai zubawa, ni ne mai cuɗawa. Masu jiran sallar jana'iza suna can nesa, a gindin ɗorawa.

Ina fitowa wani baƙo ya tsayar da babur.

"Salamu alaikum. An ce garin nan akwai mutum biyu da cutar ba ta kamawa. Mun yi rashi, an rasa mai wanka."

Ido duk ya dawo kaina. Na haɗiye tarin da ke sosa mini maƙogwaro tun safe, butar Baba Mati tana ɗiga a hannuna.