Tudun Baba Ermete

Tun da na ga Baba Ermete ya jingina madaɓinsa na daɓe ƙasa da bango yana haki, na san satin nan ba zai ƙare lafiya ba. Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu a garin Nettuno. Shekara hamsin shi ke gyara tudun da mai jifa ke tsayawa a filin besbol na unguwarmu, wasan nan da ake jefa ƙwallo a buge shi da sanda. A kansa ni ma na yi jifa ina saurayi, har kafaɗata ta lalace, na koma kamun kifi.

Yanzu ɗana Tiziano ke jifa, ga gwiwar hannunsa ta fara ciwo. Ranar Asabar masu zaɓen 'yan wasa za su zo daga Bologna su gan shi. Na ce ba zai yi ba. Kwana uku bai yi mini magana ba.

Baba ya saurare ni ta kan katanga yana cin ɓaure. Ya ce hannun yaron lafiya lau, ƙasar ce ba lafiya. Inda ƙafarsa ta hagu ke dira ya yi rami, ƙafar na zamewa, sai hannu ya ɗauki nauyin.

"Kai ma abin da ya cinye ka ke nan, Saverio. Shekarar ina kwance a asibiti, wani sakarai ya cike ramin da yashin teku."

Matarsa Nunzia ta leƙo ta taga. "Tsoho mai taurin kai, likita ya ce ka zauna. In ka fita, ka nemi mai dafa maka taliya."

Da sassafen Juma'a ya fita zuwa filin. Da hantsi na bi shi da gorar ruwa. Ya riga ya haƙe ramin, ya zuba yumɓu, ya yayyafa ruwa, ya daɓe, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu don kada rana ta tsaga shi. Yana zaune a kan bokitin da ya kife, hularsa a gwiwa. Na kira shi sau biyu, ashe rai ya riga ya yi halinsa.

Ranar Asabar ni na yaye buhun da hannuna, na ce wa Tiziano ya hau. Ban bi ƙwallon da ido ko sau ɗaya ba, ƙafarsa nake kallo. Jifa arba'in, sawun takalmi ɗaya tak a kan yumɓun.

Litinin muka binne Baba. Mutanen Bologna sun ce za su kira. Da yamma Tiziano kan zauna a ƙofar gida, ya ɗaura ƙanƙara a gwiwar hannu, ya ce ai kowane mai jifa haka yake yi. Ko ciwon ya tafi, ko ɓoye mini yake yi, har yau ban sani ba.