Tafiyar Safe ta Ridwan

Tun da Ridwan ya komo daga Libiya bai ƙara zama cikin samarin Karofane ba. Ya shige ɗakinsa ya ja ƙofa, sai salla ke fito da shi. Ba ya faɗa da kowa, abinci ma sai uwarsa Kaltuma ta yi ta magiya. Ubansa Isaka ya zaga da shi wurin malamai, an sha rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Daga baya ya ɗora shi kan kabu-kabu suka nufi likita a Buza.

Majo, babban ma'aikacin asibitin da ya duba shi, ya ce jikinsa lafiya lau, zuciya ce ta yi nauyi. Ya ba da ƙwayoyi, ya ce amma dole ya riƙa fita kowace safiya yana tafiya da sauri har ya yi zufa, da wani abu a kunne da zai raba shi da tunani.

"Wane irin abu, Majo?" in ji Isaka.

"Shirye-shiryen rediyo. Yanzu ana zuba su a salula, mutum ya saurara sadda ya ga dama."

Ranar kasuwa Isaka ya je rumfar Halidu mai cajin salula.

"Baba Isaka, kai ma ka shigo zamani? Waƙar soyayya za a zuba maka, Inna Kaltuma ba ta sani ba?"

"Bar shegantaka, ɗan nan. Na yaron wajena ne."

Halidu ya daina dariya, don ya san labarin. "Akwai wanda rediyon ƙasa ke hira da manoman albasa, tsawonsa ya isa mutum ya je fadama ya komo. Akwai na tsoffin 'yan kokowa suna faɗin yadda aka kada su, wanga sai cikinka ya ƙulle don dariya. Akwai kuma na matafiyan da suka ƙetare hamada..."

"A'a! Kada ka sa mashi wannan."

Da farko abin ya yi kamar zai karɓa. Ridwan yakan fita bayan asuba da igiyar saurare a kunnuwa, ya bi layin itatuwan dogon yaro na fadamar Majiya, ya komo riga sharkaf, ya shanye furarsa. Wata safiya har ya tsaya yana gaya wa uwarsa yadda ake adana albasa kada ta ruɓe. Isaka yana bayan rumbu yana ji, ya kasa motsi don murna.

Sai dai a Karofane ba a tafiya ba dalili. Mai fita da safe yana da hauya a kafaɗa ko jaki a gaba. Ga saurayi hannu sake yana sauri zuwa fadama, yana dariya shi kaɗai, a gaishe shi ya wuce. Ba a jima ba Tsoho, ƙanen mahaifin Isaka, ya dogaro sanda har zaure.

"Isaka, jikan nan nawa ya wuce ni kamar kututture. Ni na fara gaishe shi, ni babba! Ku kama shi tun bai shiga daji ba."

"Maganin likita ne, Baba. Rediyo yake ji."

"Rediyo ne magani? To, Allah ya sawwaƙe."

Isaka ya so ya riƙa jerawa da shi, amma Ridwan ɗan fari ne. Bai taɓa kiran sunansa ba, ba su taɓa zama tabarma ɗaya ba, balle a gan su kafaɗa da kafaɗa a hanya. Sai ya koma bin sa daga nesa yana amsa gaisuwa a madadinsa. "Lafiya lau, ku yi haƙuri, kunnensa a toshe yake."

Wata safiya cajin salular ya ƙare daidai bakin rijiya. Ridwan na zare igiyar ya ji wata mata tana cewa, "Allah sarki, ciwon ya kai har sai uban ya bi shi kada ya ɓace." Ya waiwaya, ya hangi ubansa tsaye yana haki. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya gida a hankali.

Kashegari ƙofar ɗakin Ridwan ba ta buɗe ba. Isaka ya tsaya a bakinta har inuwa ta janye.

"Kai, rana ta fito."

"Na gani, Baba."

"Yau ba ka fita?"

"Kai ma ka ɗauka na haukace. Shi ya sa kake bi na."

Isaka ya waiwaya. Kaltuma na tsaye bayansa da ƙwaryar fura a hannu.

"Malam, mi za mu yi?"

"Ban sani ba," in ji shi. "Wallahi ban sani ba."